Ajiye wa Gwaggo kunu da alala a firiza: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Gwaggo ta haura shekara 80. Hannunta yana ɗan rawa, gani ya ragu, haƙora kuma ba sa iya abu mai tauri. Da safe da bayan isha'i ba ta neman komai sai abu mai zafi da za ta sha da cokali, ga hunturu ya kunno kai. Mai dama mata kunu ba kullum take kwana a gidan ba. Shawarar da aka yanke ita ce a riƙa dafawa sau ɗaya duk mako biyu, a raba a ƙananan robobi, a daskarar, ita kuma ta riƙa ɗaukar ɗaya tana ɗumamawa da kanta. Abin da ke gidanta: firiza mai murfi a sama, ƙaramin gas mai kai ɗaya, da 'yar tukunya mai mariƙi. Babu maikirowef, kuma ko da akwai, ba za a rataya karin kumallon tsohuwa a kan abin da sai an kawo wuta yake aiki ba.

Yau gwaji ne kawai. An yi abu biyar, kowanne roba uku: koko, kunun tsamiya, kunun gyaɗa mai shinkafa, kwastad, da alala. An yi su yadda aka saba yi a gida ba tare da sauya komai ba, don a fara ganin irin ɓarnar da sanyi ke yi wa kowanne. Kunun kanwa ba ya cikin lissafi. Tana shan maganin hawan jini, kanwa kuwa gishirin sodiyam ce.

Wajen sayen roba a juya gindinta, akwai alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 5, wadda akan rubuta PP a ƙarƙashinta, ita ke jure abinci mai zafi. Farar nan mai kama da soso da ake zuba abincin saye lamba 6 ce, ba ta dace ba. An sayi masu cin mililita 400, kuma ba a cika su ba, an bar kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi tsakanin kunu da murfi, saboda ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Robar da aka cika maƙil, ko murfi ya ɗage ko gefe ya tsage.

Talata, 5 ga Nuwamba

An kwana da ma'aunin sanyi a cikin firiza, ya nuna digiri 11 ƙasa da sifili. Abin da ake so 18 ne ƙasa da sifili. A 11 ma abu yana daskarewa, sai dai a hankali, kuma jinkirin ne ke ba ƙanƙara damar yin manyan ƙwayoyi masu yayyaga jikin kunu. An murɗa maɓallin sanyi, an janye firizar daga bango kamar faɗin tafin hannu don iska ta ratsa bayanta, sannan aka cike inda ke fanko da jaka biyu na ruwan leda. Firizar da ke cike ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta, ruwan ledan nan shi ne ma'ajiyar sanyinta. Da safiyar yau ma'auni ya tsaya a 18.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An buɗe robobin gwaji bayan mako guda.

Koko shi ya fi kowa shan wahala. Da ya narke sai ya rabu biyu: ruwa garai-garai mai tsami a sama, a ƙasa kuma wani farin curi mai huji-huji kamar soson wanka. In ka danna shi da bayan cokali ruwa ya tsattsafo, ka ɗaga cokalin ramin ya tsaya yadda yake. An ɗora a wuta ana bugawa da maburgi, ya ɗan haɗe, amma santsin koko bai dawo ba, a harshe sai ka ji tsaki-tsaki. Kunun tsamiya ma haka, har ya ƙara da tsinkewa da ya daɗe a wuta, domin tsami yana yanka sitaci in ana tafasa su tare. Kwastad ba a ma tsaya ɓata gas a kansa ba bayan roba ta farko, garinsa sitacin masara ne kusan zalla, kuma ya fi koko zubar da ruwa.

Dalilin duk wannan ɗaya ne, kuma shi zai ja ragamar sauran aikin. Idan aka dama kunu, ƙwayoyin sitaci suna shan ruwa su kumbura, su saki wasu dogayen zarurruka da ake kira amilos, su ne ke riƙe ruwan har kunu ya yi kauri. Da ya huce sai zarurrukan su fara komawa suna manne wa junansu, suna matse ruwan da suka riƙe. Abin da ke sa tuwon jiya ya yi tauri ke nan. Firiza tana tsananta lamarin, domin ƙanƙara tana janye ruwa gefe guda, ta bar sitaci ya cure wuri guda. Zafin ɗumame yana warware wani ɓangare na wannan curewa, amma abin da amilos ya ƙulla ba ya kwancewa a zafin tafasar ruwa. Shi ya sa kunun da ba shi da komai sai gasara da ruwa ba ya dawowa yadda yake, ko a yi ta burga shi har hannu ya gaji.

Kunun gyaɗa ya ba da mamaki. Ya ɗan zubar da ruwa, amma da ya yi zafi aka juya sai ya koma kusan yadda aka sauke shi. Man gyaɗa da furotin ɗinta suna shiga tsakanin zarurrukan sitaci su rage musu mannewa, kuma shinkafar tuwo mai laushi ba ta curewa kamar gasarar gero. Aibinsa ɗaya: an sa ruwan tsamiya kafin a daskarar, madarar gyaɗar ta riga ta kama, sanyi kuma ya mai da ita 'yan ƙananan dunƙule masu kama da cukui.

Alala ba ta san an yi ba. An turara ta, aka ci kamar yau aka sauke. Sai dai dafaffen ƙwan da ke ciki, farinsa ya koma kamar roba.

Hukunci: kunun gyaɗa da alala sun wuce. Kwastad ya fita. Koko da kunun tsamiya sai an nemo musu wata hanya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau ba a dafa don ajiya ba, hucewa aka auna, kuma a nan haɗarin aikin yake, ba a firiza ba. An sauke tukunya mai lita 3 aka ajiye ta a ƙasa a rufe yadda aka saba. Bayan awa biyu, ma'aunin zafi mai tsinke ya nuna digiri 50 da ɗoriya a tsakiyarta. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma abincin hatsi yana da nasa maƙiyi na musamman, Bacillus cereus, wanda ke zuwa tun daga gona a jikin shinkafa da gero. Ƙwansa ba ya mutuwa da tafasa. Kunu na hucewa sai ya farfaɗo, in ya samu awanni ya saki guba mai sa amai, gubar kuma ko an sake tafasa kunun ba ta lalacewa. Ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗano. Amai da gudawar da saurayi zai kwana ɗaya ya warware, tsohuwa suna iya ƙarar mata da ruwan jiki har a kai ga asibiti. Ƙa'idar da aka ɗauka: daga sauke tukunya zuwa shiga firiza kada a wuce awa ɗaya, tunda akwai shinkafa a ciki.

Hanyar da ta yi aiki: a raba a robobi tun yana da zafi, a jera su a baho, a zuba ruwan famfo da ledojin ƙanƙara shida har ruwan ya kai kafaɗar robobin, murfi a karkace don tururi ya fita. A juya kowace roba da cokali mai tsabta sau biyu. Cikin minti 35 zuwa 40 sun sauko kusa da digiri 20. Sai a goge jikinsu, a rufe, a jera su ɗaiɗai a jikin bangon firiza, kada a ɗora wata kan wata sai sun daskare. Kada kuma a ce don sauri a cusa su da zafinsu, za su narkar da maƙwabtansu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Dahuwar farko ta ajiya. Awon kunun gyaɗa na roba 10, da gwangwanin madara:

Gyaɗa gwangwani 4, kimanin giram 420. Shinkafar tuwo gwangwani ɗaya da rabi, kimanin giram 200. Ruwa lita biyu da rabi. Citta ɗan yanki kamar kan babban yatsa, kanumfari ƙwaya 3. Sukari cokali babba 5. Tsamiya babu.

A baza gyaɗar a tire a tsince ta da rana, a fitar da duk mai funfuna, da motsattsiya, da wadda ta sauya launi. Gubar aflatoksin da funfuna ke bari ba ta jin wuta, ba ta jin ƙanƙara. A soya sama-sama don ɓawo ya saki, kada ta yi ja, a murza a fece. A markaɗa da lita ɗaya na ruwan, a tace da mataci mai laushi, a sake ɗauraye dusar da sauran ruwan a tace. Shinkafa a jiƙa ta awa biyu, a raba biyu: rabi a markaɗa da citta da kanumfari ya zama ƙullu, rabi a bar shi ƙwaya. A ɗora madarar gyaɗa, kada a matsa daga wurin don tana tasowa ta zube kamar madarar shanu. In ta tafasa a zuba ƙwayar shinkafa, a rage wuta, minti 20 zuwa 25, har sai ƙwaya ta murje tsakanin yatsu ba tare da wani tauri a tsakiya ba. Wannan wurin kada a yi gaggawa, domin shinkafar da ta rage ɗan tauri, firiza za ta mai da ita tsakuwa. Sai a tsiyaya ƙullu ana juyawa, a ba shi minti 6 yana ɓararraka a hankali, a sa sukari a sauke.

Da gangan aka yi shi da kauri fiye da na sha, har muciya tana barin hanya a gindin tukunya. Kowace roba mililita 220, in an zo ɗumamawa a ƙara ruwa mililita 80. Hakan yana rage cin wuri, yana sa ya daskare da wuri, kuma ruwan da za a ƙara shi zai kare gindin tukunya daga kamawa. Kanumfari an rage shi zuwa rabin abin da aka saba, domin shi da masoro ƙarfinsu yana ƙaruwa a firiza har su yi ɗaci. Sukari ma rabi ne, ta ƙara da kanta in tana so. Wanda tsohonsa ke da ciwon sukari, wannan awon sai ya bi ta hannun likita tukuna.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An tsaya gefe ana kallo Gwaggo ta ɗumama da kanta, ba a sa mata hannu ba. Duk abin da aka tsara a takarda, nan ya gamu da gaskiya.

Murfi ya ƙi buɗuwa, sanyi ya ƙame shi, yatsunta kuma ba su da ƙarfin ɓamɓare shi. Da ya buɗu, curin ya ƙi fita, ta buga robar a bakin teburi, robar ta tsage, domin irin wannan roba tana yin gautsi in ta yi sanyi sosai. Ta jefa curin a busasshiyar tukunya kafin ta zuba ruwa, wuta kuma a buɗe, kafin minti uku ƙauri ya tashi: gindi ya yi ƙanzo, tsakiya ƙanƙara ce.

Tsarin da aka gyara: ta tsoma robar a rufe cikin kwanon ruwan famfo minti uku. Murfi yana sakin jiki, curin yana suluɓowa da kansa in an kifa. Ruwa shi ke fara shiga tukunya, an ware masa kofi guda an ɗaura jan zare a daidai inda zai tsaya, ba sai ta karanta lamba ba. Wuta ƙarama, an yi wa makunnin gas ɗigon fenti a inda za ta tsayar. A rufe minti biyar, a buɗe a farfasa da cokalin katako, a riƙa juyawa. Wajen minti 12 yake kaiwa ga tafasa. Ba tafasar gefe ake nufi ba, sai tsakiya ma tana ɓulɓulowa, sannan a ƙara minti biyu. An auna a wannan matakin, ya wuce digiri 75 ko'ina. Ita ba ta buƙatar ma'auni, idonta da kunnenta sun isa.

Daga ƙanƙara kai tsaye zuwa tukunya aka zaɓa, ba a bi ta kwana a firji ba, domin firji in an ɗauke wuta cikin dare ba wanda ya san zafin da kunun ya kwana a ciki. Fitar da roba a bar ta a kan teburi ta narke kafin asuba kuwa, wannan an hana shi ƙarara.

Bayan saukewa ta juye a kwano ta jira minti biyar. Kunu mai kauri yana ɓoye zafi a ciki ko samansa ya huce, bakin tsoho kuma ba ya saurin faɗa masa ya ƙone. Tun 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankarar hanyar abinci. Mu da ke son kunu yana ƙona leɓe, sai a kula. Wani abu kuma da ba na girki ba: mayafi da hannun riga mai faɗi, a naɗe su kafin a kunna gas.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ƙorafi biyu. Na farko, kunun ba tsami, kuma kunun gyaɗa ba tsami salam yake. An jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi kofi ɗaya, aka tace, aka zuba a farantin yin ƙanƙara, kowane gurbi cokali babba ɗaya. Washegarin dahuwa, bayan kunu ya daskare, sai a buɗe kowace roba a ɗora ƙwaya ɗaya a sama a mayar da murfi. Ba sa haɗuwa sai a tukunya. An gwada, kunun ya kama jikinsa sumul, babu dunƙulen nan.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ba ta shanye mililita 300, tana rage kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tsohuwa ba za ta zubar da abinci ba ko za a yi mata wa'azi har gobe. Ana samun ragowar a rufe a kwano tana jiran la'asar. Kunun da aka daskarar aka ɗumama ba a sake ɗumama shi. Maimakon jayayya, an rage awo: mililita 170 a roba, ruwa 60, an sauko da jan zaren. Dahuwa ɗaya yanzu tana ba da roba 13. Filas ma an ɗauke shi daga ɗakin girkin, don kunun da ya wuni a filas ya koma ɗumi-ɗumi bai fi na kwano aminci ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Alala. Wake gwangwani 3, a jiƙa minti 10 a surfa a wanke har ɓawo ya fita tas, a ƙara jiƙa shi awa guda don ya markaɗu da laushi. Tattasai 2, attaruhu rabi, albasa matsakaiciya ɗaya, mai rabin gwangwani, gishiri kaɗan. Kifi dafaffe a marmashe shi da yatsu a tire mai haske, a bi shi sau biyu ana neman ƙaya, domin ƙayar da ta shige cikin alala ba mai ganinta sai maƙogwaro. Ƙwai in ana so a fasa ɗanye guda biyu a buga cikin ƙullun, wannan yana jure firiza, dafaffe ne ba ya jurewa. Ƙullun a sake shi da ruwan ɗumi ya fi na kullum ruwa kaɗan, saboda alala tana ƙara tauri bayan ta daskare, kuma ana so cokali ya yanka ta ba tare da tauna mai yawa ba.

An turara a ƙananan kofunan silba da aka shafa wa mai, minti 45. Tsinke ya fito a bushe. An juye su a tire, suka huce a gaban fanka minti 30, aka naɗe kowace a leda aka matse iska, aka tara a roba mai murfi. An samu 12.

Ɗumamawa: a cire leda, a sa a kwanon silba, a ɗora a madambaci ko a kan murfin da aka kifa cikin tukunya mai ruwa kaɗan, minti 20 zuwa 25 daga ƙanƙara. A tsaga tsakiya a ga tururi yana fita. An gwada minti 15, waje ya yi zafi, ciki da sanyi. Ɗaga kwano daga cikin tururi aiki ne da ba a so ta yi ita kaɗai, don haka alala ta zama ta ranakun da jikarta ke nan.

Alhamis, 12 ga Disamba

An yi awa 31 babu wuta. Tun farkon aikin akwai kofin ruwa da aka daskarar aka ɗora kwabo a samansa, yana zaune a kwandon sama. In kwabon ya nutse zuwa gindi, an san komai ya narke ko da wuta ta dawo ta sake daskarar da shi. Wannan karon ya nutse kamar faɗin yatsa ɗaya.

Abin da aka saba faɗa shi ne firiza cike tana riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ba, mai rabi kuma kusan awa 24. Yanzu hunturu ne, lissafin ya yi daidai. A zafin Maris da Afrilu kada a dogara da shi. An lulluɓe firizar da bargo, aka buɗe ta sau biyu kacal, aka yaye bargon da wuta ta dawo don kada ya toshe mata iska.

Robobin ƙasa suna nan kamar dutse. Huɗu da ke kwandon sama sun yi laushi a gefe, da sauran ƙanƙara a tsakiya. An tafasa su a ranar, matasan gida suka sha, ba a mayar da su ba kuma ba a ba ta ba. Da kwabon ya kai gindi, da zubarwa za a yi.

Matsalar ita ce ƙasan firiza ya fi sanyi, amma Gwaggo ba za ta iya sunkuyawa ta zura hannu can ba. An daidaita a kan na kwana uku kawai a kwandon sama, a rufe su da ledojin ƙanƙara, sauran a ƙasa, duk wanda ya leƙo gidan ya hau da na gaba.

Asabar, 21 ga Disamba

An koma kan koko. Gwaji na farko: a maye kashi ɗaya cikin biyar na gasara da sitacin rogo, wanda ba ya zubar da ruwa kamar na gero da masara. Ruwan ya ragu sosai bayan narkewa, amma kokon ya yi yauƙi yana bin cokali. Ta ɗanɗana sau ɗaya ta ture kwanon. An bar wannan.

Na biyu shi ya yi: kada a dama, a daskarar da ɗanyar gasara. Sitacin da bai taɓa wuta ba ba shi da abin da zai cure. An cura cokali babba uku-uku, kimanin giram 60, aka ƙulla a leda. Sanyi yana tsayar da tsamin a inda yake, ba kamar gasarar da ake ajiyewa a bokiti ana sauya mata ruwa tana ƙara tsami kullum ba. Sheƙa tafasasshen ruwa daga buta ba na hannu mai rawa ba ne, don haka aka juya tsarin: curi ɗaya a ruwan sanyi mililita 250 a cikin tukunya, a bar shi minti 10 ya saki, a dama, sannan a kunna wuta a yi ta juyawa ba tsayawa minti 6 zuwa 7 har ya yi kauri ya tafasa. In aka saki cokali ko na rabin minti ne, gudaji. An ajiye mata kujera a gaban gas. Kunun tsamiya ma haka, da gasarar da ba ta yi tsami ba, sai a jefa ƙwayar ƙanƙarar tsamiya biyu bayan ya yi kauri, ya sake tafasa a sauke.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An ɗanɗana robobin da aka ware tun 16 ga Nuwamba da 30 ga Nuwamba don a ga iyakar ajiya. Na mako bakwai samansa ya bushe ya yi fari-fari, akwai ƙanƙara kamar gishiri a cikin murfi, kuma an fara jin ɗan warin tsohon mai. Ba cuta ba ce, daɗi ne ya tafi. Da yake kunun bai cika roba mai mililita 400 ba, iskar da ke cikinta ta yi yawa, ita ke busar da saman. Yanzu ana yanka 'yar leda mai tsabta a manna ta a fuskar kunu kafin a rufe, hakan yana hana yanar da kan taru a sama ma. Wata roba da ta zauna kusa da ƙullin kifi ta kwashi ƙarni, mai yana jan wari. An raba musu gefe. Iyakar da aka sa: mako huɗu.

Rubutun biro a jikin roba bai yi amfani ba, ba ta ganinsa. An koma launin murfi: ja kunun gyaɗa, shuɗi gasarar koko, fari gasarar kunun tsamiya. Ranar dahuwa ana rubuta ta da maka mai kauri a kan salatif don masu kula da juyin kaya, suna kuma da ajami manya-manya don ita, tunda shi ta fi karantawa. A manna tun roba tana bushe, ba ya kama jikin da ya yi raɓa.

Asabar, 18 ga Janairu

Dahuwa ta biyar. A firiza yanzu: kunun gyaɗa 15, curin gasara 18, alala 7. An sayo robobi masu mililita 250 don su maye manyan, biyu daga cikin tsofaffin sun tsage a baki an fitar da su. An saka roba uku na kunun acha da madarar gari don gwaji, ɗaya da madarar a ciki, biyu ba madara sai an zo ɗumamawa, za a buɗe ta farko ranar 25 ga wata. Azumi zai kama a farkon Maris, daidai shigowar zafi, don haka kafin nan za a auna awa nawa kwandon sama ke ɗauka kafin ya fara saki, da firiza a rufe, da tsakar rana.